Kawuna Mai Pisin da Mutumin Mayahi

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ranar kasuwar Tasawa, kuma na rantse har masu barkono sai da suka ɗaure bakin buhu suka bi gawa. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Matan unguwar da suka taɓa tsaya wa Kawu a ƙofar gida suna yi masa ihu, su suka fi kowa kuka. Samarin da ke iyo a pisin ɗin da ya gina sun zo ido jajawur, wasu na hawaye, wasu na maganin da ake zuba wa ruwan. Inna, yayar Kawu, wadda ta haife ni, ta zauna a tsakar gida tana ta cewa, "Ya tahi ya bar ni da rigimar da ba mu ƙare ba. Da wa zan ƙarasa ta?"

Ni kuwa ina kan tabarmar farko a ƙofar gida, inda ya dace ɗan 'yar'uwa ya zauna. Sai mutum ya zo ya miƙo mini hannu a gurguje, "Ya haƙuri, ya haƙuri," ya wuce wurin surukin Kawu ya durƙusa ya daɗe, kai ka ce shi Kawu ya haifa, ni kuwa an tsince ni a tasha. Wani tsoho ma ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka riƙa lallashin bawan Allahn nan, ya yi babban rashi." Na ce to. Ni kuma akuya ce ta ɓace mini.

Bari in faɗa tun daga fari don kada a ce na ɓoye: kishin surukin nan nake yi. Na yi shi Kawu na da rai, ina kuma yin sa yanzu. Dalili ɗaya ne. Tun ina rarrafe nake bin Kawu, na yi furfura a bayansa, ina jiran ranar da zai dube ni ya ce na yi abin kirki, ko da kalma ɗaya. Ina nan ina jira wani ya zo daga Mayahi ya kwashe yabon kaf, kuma da bakina ya kwashe shi.

Kawu ɗan kasuwar hatsi ne. Ya ci kasuwar Mayahi shekara da shekaru, bai taɓa dawowa daga can da fara'a ba. Ciniki kam yana yi. Abin da idonsa ke ganowa ne ke hana shi sakat. In Mayahi ta shafa wa masallaci fenti, namu sai ya sha fenti har da kututturen da ke ƙofa. Ranar da ya ga an kafa musu fitilun rana a bakin titi, ya dawo ya ture akushin tuwo. Yakan ce, "Mu da kwalta ta ratsa garinmu, mu da sarauta tun kaka da kakanni, mi Mayahi za ta gwada mana? Gero? Mu ma muna da gero." Kun ga ashe kishin nan ba daga ƙasa na tsince shi ba, gadon wajen uwa ne.

Sai Allah ya jarrabe shi ta inda ya fi ciwo: 'yarsa ta fari ta auri mutumin Mayahi. Dogo ne, marar surutu, ya yi aikin kwana-kwana a Yamai, can ya koyi iyo a kogi har yana tsamo mutane. Mutum ne mai kirki, kuma wannan shi ne babban laifinsa a wurina.

Kun san dattawanmu da mijin 'yar fari. Kawu ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci inda yake, ba ya yi masa magana kai tsaye. Shi ma surukin tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya kafa ido a ƙasa. Saboda haka sai ana buƙatar baki a tsakani, kuma duk zuriyarmu babu bakin da ya kai nawa girma.

"Kai Tulu," haka Kawu ke kirana saboda tumbina, "tambayi mutumin Mayahi ko ya iso lahiya."

"Ya ji, Kawu. Ga shi nan gabanka, inuwarsa ma kan ƙafarka take."

"Ban tambaye ka inuwa ba."

Sai in juya in tambaya, shi ya amsa mini, in juyo in kawo amsa. Haka muka shekara da shekaru.

Maganar pisin wani direban tasha ya kawo ta. Ya ce ya ga Mayahi na haƙa wani ƙaton kwami na siminti, wai na iyo ne, irin na manyan otal. Kawu bai bari rana ta faɗi ba sai da ya tara dattawan unguwa. Daga baya aka gano kwamin shayar da shanun makiyayan wajen Issawane ne, amma kafin nan Kawu ya riga ya samo fili daga magajin gari, ya kafa komite, ya zama shugabanta ba tare da an yi zaɓe ba. Da aka gaya masa gaskiyar kwamin, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "To madalla. Shanunsu su sha, 'ya'yanmu su yi iyo."

Kuma a nan ne maganar ta yi nauyi a bakinsa. Duk ɗan Tasawa ya san tafkunanmu. Damina na sauka yara sun faɗa ciki, su fito da tsargiya, wata shekarar kuma a yi ta neman ɗan wani da gora. Kawu ya sha zuwa gaisuwar mutuwa irin wannan. Da ya fara ambatonta a taro, sai ya daina ambaton Mayahi, sai dai in ya gaji. Aka tsara wuri guda: pisin, zauren matasa, filin kokawa da ƙwallo, da rumfar dara don tsofaffi.

Wadda ta fara tare shi Inna ce. Ta same shi a zaure ta ce, "Kai da ko cikin kwano ba ka taɓa iyo ba? Mata na layin pampo tun asuba, kai kana son cika rami da ruwa don ƙattai su yi tsalle-tsalle?"

"Yaya, ba ki gane ci gaba ba."

"Na gane tulu wofi. Wanga da ke bayanka ma na gane shi, ni na haife shi."

Ni da ban ce uffan ba. Kashegari ta turo masa matan unguwa da bokitai, suka jera su a ƙofar gidansa suna bugawa. Kafin mako ya zagayo tsari ya canja. Foraj ɗin da za a haƙa, wato rijiyar burtsatse, ruwan fari na pampon mata ne a wajen katanga, pisin sai abin da ya biyo baya, ruwan da aka sauya kuma garka za a sakar wa. Mata suka samu ranakunsu na iyo, aka ce katanga ta yi tsawon da ko mai raƙumi ba zai leƙa ba. Kawu bai taɓa yarda an kayar da shi ba. Yakan ce, "Dama haka na tsara, ban dai gama hwaɗi ba ta katse ni." Har ya koma ga Allah suna wannan musun.

Sai maganar haƙa. Kawu ya ce ramin ruwa wa ya san shi in ba masu haƙar rijiya ba? Aka ɗauko su daga ƙauye, mutanen da kakanninsu suka haƙa rabin rijiyoyin ƙasar nan. Aka gwada musu fili aka ce a yi rami babba. Su kuwa suka yi abin da suka gada: suka zagaye shi kamar faifai, suka miƙe ƙasa sak, gefe a tsaye, ko'ina zurfi ɗaya. In ka leƙa sai hularka ta nemi faɗuwa. Babbansu ya ɗago kai daga can ƙasa yana tambaya ko su ci gaba har su cim ma ruwa. Kawu ya tsaya a baki yana murmushi, ya ce, "Ko Mayahi ta shekara tana haƙa ba ta kamo mu."

A ranar surukin ya zo gaisuwa. Ya leƙa ramin, ya daɗe, sannan ya durƙusa ya ce mini, "Ka ce wa Baba, da girmamawa, in aka cika wanga da ruwa, yaron da ya shiga sai dai a fiddo shi da guga. Ana son gefe ɗaya iya gwiwa, shi riƙa gangarawa sannu-sannu."

Na isar. Kawu ya tattara rigarsa ya tafi gida. Da safe ya aika a kira ni, lokacin surukin ya riga ya koma. Ya ce, "Hau moto ka tahi Mayahi. Ka ce mashi ɗiyata na ba shi, ban ba shi ramina ba."

Jama'a, ban taɓa jin daɗin aike irin na ranar ba. Duk tsawon hanyar jan ƙasar nan ina kan babur ina maimaita saƙon, ina gyara masa murya, ina zaɓen inda zan ɗaure fuska. Har waƙa na yi. Ina isa taubashiyata, matar surukin, ta tarbe ni daga ƙofa.

"Ga bawana ya iso! A ɓoye tukunya!"

"Uwar ɗakin da ba ta iya dama fura ba, ina maigidan? Da saƙo na zo, mai zafi."

"Zauna ka huce tukun, kada cikin nan ya fashe mana a tsakar gida."

Ta dire mini fura da nono, ta biyo da tuwo da zabuwa. Maƙwabta suka ji na zo suka taru, don an san ba na zuwa wuri a tashi ba a yi dariya ba. Na fara ba su labarin ramin. Na kwaikwayi mai haƙa, na kwaikwayi Kawu, ramin ya yi ta zurfi a bakina har aka fara jin kiran sallar wata ƙasa daga cikinsa. Ni kuwa ciwona ke nan: in na ga mutane na dariya, bakina ba ya tsayawa inda aka aike shi. Da surukin ya tambaya cikin ladabi, "Mi Baba ya ce?" sai na ji kaina ina cewa, "Ya ce ramin nan ya fi ƙarfin Tasawa duka, in ba mutumin Mayahi ya zo da kansa ba, a rufe shi a shuka gero."

Idon mutumin ya kawo ruwa. Ya ce, "To." Ya tashi ya shiga haɗa kaya.

Na dawo ina zagin bakina tun daga Mayahi har Tasawa. Kawu na zaune yana jira. "Mi ya ce?" To yaya zan yi tafiyar nan duka in dawo da "to" tsirara? Na ce, "Ya ce duk jihar Maradi babu mai hangen nesa irin naka. Ɗan gyara kawai ya rage, kuma yana roƙon alfarmar a bar shi ya sa hannu." Kawu ya shafa gemu ya ce, "Ashe dai yana da hankali."

Daga nan aka cike gefe, aka miƙe kusurwa, aka zuba siminti, aka manna karo shuɗi, irin tayil ɗin daɓe. Surukin kan zo ya yi kwanaki ya koma, ni kuma na zama hanyar Mayahi. Kawu ba ya kiran suruki a tarho, wai muryarsa za ta shiga kunnen mutumin kai tsaye. In ya ce, "Ka ce mashi matakalar ta yi," kafin in isa ta zama matakalar da ko a Makka sai an bincika. In surukin ya ce, "Ka gaishe da Baba," kafin in dawo ya zama ba ya iya barci sai ya yi wa Baba addu'a. Kullum da niyyar ragewa nake tashi, kullum da ƙari nake sauka. Ina kallo son juna na tsiro tsakaninsu, ni ke ba shi ruwa, ni kuma yake ƙona wa rai.

Ni fa ba aike kawai na yi ba. Ni na bi masu amalanke ɗibar yashi. Ni na dami 'yan garinmu da ke bida, wato neman kuɗi, a Libiya da Aljeriya har suka turo siminti don in bar kunnensu ya huta. Tumbina ya zube har wandona ya fara neman wani mai shi. Abin da na samu daga Kawu a duk aikin nan shi ne, "Tulu, matsa, ka tare mani iska."

Amma kada kishi ya sa in ci haƙƙinsa. Wata ranar kasuwa, ana gab da buɗewa, wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono ta leƙo ƙofa, ta ga ruwa shuɗi kwance, ta tsaya kamar an dasa ta. Mai gadi ya tashi zai kore ta. Kawu ya daka masa tsawa, ya sa duk mazan da ke wurin muka fita waje muka juya baya, shi ma har da shi, don ta zauna a matakala ta tsoma ƙafafunta da suka sha tafiya. Muka tsaya cikin rana har ta gaji don kanta. Ita ce ta fara taɓa ruwan nan, kafin kowane babban mutum.

Aka buɗe da kiɗi da kokawa. Surukin ya tare a Tasawa da iyalinsa yana koya wa yara iyo. Kawu kuwa kullum da hantsi sai ya sa a kai masa kujera bakin ruwa, ya zauna cikin babbar riga yana kallo. Ko yatsa bai taɓa tsomawa ba. Gwiwoyinsa kuma suka fara ƙin ɗaukarsa. Likita a Maradi ya ce ya riƙa tafiya cikin ruwa, tunda Allah ya ba shi a ƙofar gida. Kawu ya ce, "In tuɓe gaban surukina? Gara a yanke ƙafar."

Nan na ga ƙofa ta buɗe mini. Na ce ni zan riƙe shi, iyo ai ba karatu ba ne. Don in gwada masa, na tuɓe na yi tsalle. Abin da ya biyo baya ba na son dogon bayani. Masu kallo sun ce ruwan pisin ya ragu da taƙi guda, sauran yana cikina. Surukin ne ya tsamo ni ta wuyan singileti ya shimfiɗe ni gaban Kawu kamar an kamo ƙatuwar tarwaɗa. Ina tari, ruwa na fita ta hanci, Kawu ya sunkuyo ya ce, "In ka gama, ka ce mashi ya iya aikinsa."

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe, Kawu ya sa aka rufe ƙofar wurin, daga ni sai shi sai surukin. Ya miƙo mini hula. Ya miƙo rawani, ya miƙo babbar riga da 'yar ciki, ya tsaya daga shi sai wando. Ban taɓa sanin ya rame haka ba. Surukin na cikin ruwa iya ƙugu, ya kau da kai gefe, ya miƙo hannu ta baya. Kawu ya fara sauka yana dafa ƙarfe. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ciki. Ya ce, "Tulu, ce mashi..." Sai ruwan ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa. Ya ja numfashi, ya cafke damtsen mutumin da hannu biyu, ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Riƙe ni, ɗana."

Ɗana. Ina tsaye da kaya fal hannu na ji shi da kunnena.

Surukin ya tallabe shi ta baya ya kwantar da shi kan ruwa. Kawu ya dubi sama, sai ya fashe da wata dariya da ko Inna ta ce rabonta da ita tun suna yara. Yana ta cewa, "Ashe ɗaukar mutum yake! Ashe ruwa ɗaukar mutum yake!" Na yi murna, Allah ya sani. Na kuma ji kamar in jefa rawanin nan cikin ruwa.

Daga ranar aikina ya ƙare. Su yi iyo tare, su fito su sha shayi tare, su yi hira har azahar, mutumin da ba ya magana ya zama aku. In na zo sai a matsa mini a tabarma a ci gaba da zance. Kawu ya ci bazarar nan duka cikin ruwa. Da damina ta sauka ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Na yi jinyarsa, na juya shi, na ba shi kunu a baki. Kalmar ƙarshe da ya yi mini ita ce kunun ya yi zafi.

Bayan an share makoki ina zaune ni kaɗai a rumfar dara, sai ga surukin. Ya zauna ya ce, "Baba ya bar maka saƙo."

Na ce, "Ni? Ta hannunka?"

Ya ce wata rana suna shan shayi Kawu ya tambaye shi abin da na gaya masa ranar rigimar rami. Ya faɗa. Kawu ya faɗi abin da ya aiko ni da shi. Sai suka shiga gwada saƙonni, na wannan da na wancan, tun daga farkon aiki har ƙarshe. Ya ce Kawu ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Da ya natsu sai ya ce: "Ka gaya wa ɗan yayata, amma sai bayan raina, kada kansa shi kumbura shi kamo cikinsa. Pisin mu duka muka gina ta, amma ni da kai shi ya gina mu. Na san abin na cin ransa. Da ni aka aika da yabon wani, ko rabi ba ya isa."

Na ce, "Mi ya hana shi hwaɗa mani da bakinsa?"

"Na tambaye shi. Ya ce tuɓe riga gabana ya fi mashi sauƙi."

Na juya na kalli katanga, don wani abu ya faɗa mini a ido. Sannan na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ya sake. Ya sake, kalma bayan kalma, yadda aka ba shi.

Na ce, "Shi ke nan? Bai ce duk jihar Maradi babu kamata ba?"

"Bai ce ba."

"Ko Tasawa kaɗai?"

"Iyakar abin da ya ce ke nan."

Kun ji irin ɗan aiken da Allah ya haɗa ni da shi. Yabo ɗaya tak na samu a duniya, shi ya ji shi da muryar Kawu, shi ya ga fuskar da aka faɗe shi da ita, kuma ya kawo mini shi ko gishiri bai ƙara ba. Na karɓa haka nan, ba ni da wani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa fiye da ruwan da ya bar wa 'ya'yan Tasawa. Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.